Gutsuren kiɗa da shayin safe: cutar Beethoven ake yi ko talla ake yi masa?

Kawun Bradford: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Yau da magana na zo, kuma na san za ta sosa wa wasu rai. Shirin safe na BBC Radio 3, wanda suke kira Breakfast, ya tashi daga shirin kiɗa ya koma Zaɓi Sonka. Duk wanda ya taso da Rediyon Kaduna ya gane nufina. Wane yana gaida wane, wance ta ce kyanwarta na son wannan kiɗan, a ɗan saka na minti huɗu, sai kanun labarai, sai hasashen yanayi, sai kuma wani saƙon. Inda na tsaya shi ne, simfoni, wato dogon kiɗan Turawa mai babi-babi, gini ɗaya ne, mai shi ya ɗora shi daga tushe har rufi. Wanda ya yanko maka babi ɗaya ya cusa shi tsakanin labarin ruwan sama da gaishe-gaishe bai ba ka kiɗan ba, ƙanshinsa ya shaƙa maka. Na haura shekara 40 ina sauraron tashar nan, ina ganin ina da bakin magana.

Direban Dare: Wa alaikumus salam. Ranka ya daɗe Kawu, kai fa ka yi ritaya, shayinka a kan kujera kake sha. Ni ƙarfe shida da rabi da ake buɗe shirin ina kan hanyar gida ne daga aikin dare, ido ya yi nauyi, wataƙila da fasinja ɗaya da ya rage a baya. Ka saka mini kiɗan minti arba'in, ina zan kai shi? Kafin a gama babi na farko na iso ƙofar gida. Ga shi kuma wuraren da makaɗa ke sassautawa can ƙasa-ƙasa, ƙugin inji da tayoyi ne ke cinye su, sai ka ɗauka rediyon ya mutu. Da babu gara ba daɗi.

Kawun Bradford: Ai ƙanena, abin da nake faɗa ke nan. An ɗinka rigar daidai da mai sauri, an manta da mai kiɗan.

Hajiya Maman Biyu: Ni dai a wannan lokacin azkar nake yi, daga nan sai yaƙin sa wa yara takalmi. Ku ci gaba, ina gefe ina jin ku.

Malamin Goge: Kawu, da girmanka, zan ja da kai. Aikina ke nan, yara nake koya wa gogen Turawa a makarantu a nan Leeds, don haka abin ya shafe ni. Wannan dokar ta zama tsit daga farko har ƙarshe, ba tari ba tafi, ba da ita aka haifi kiɗan ba, daga baya ta zo. A watan Maris na 1783 Mozart ya yi wasa a birnin Biyana, sarki Joseph na biyu yana zaune. Simfoninsa na 35, wanda ake kira Haffner, shi da kansa ya raba shi: ya buɗe taro da babukan farko, ya jera waƙoƙi da kiɗan fiyano a tsakiya, sannan ya rufe da babin ƙarshe. A Disambar 1813 kuma, ranar da aka fara kaɗa simfoni na bakwai na Beethoven, a taron tara wa sojojin da suka ji rauni kuɗi, babi na biyu ya yi wa jama'a daɗi har suka ce sai an maimaita shi, aka kuma maimaita. Ga Telemann can a Hamburg, a 1733 ya buga tarin kiɗa ya sa masa suna kiɗan teburi, wato na lokacin cin abinci. To idan mai kaya ya yarda a ci tuwo ana jin kiɗansa, mu su wa da za mu hana shayi?

Autar Zaure: Malam ya sauke littafi a kan Kawu 😂

Kawun Bradford: Auta, yi shiru manya na magana. Malam, na ji tarihinka kuma ban musa ba. Amma lura da abu biyu. Mozart kayansa ya yanka, mai zane shi ke da ikon ya raba shi. Na biyu, mutanen da ke zauren nan a daren, kafin su tashi sun ji simfonin duka. Mai sauraron safe fa? An ba shi cinya, sauran kazar ba zai taɓa gani ba.

Bari in ba ka misalin da ya fi ci mini rai, simfoni na biyar na Beethoven. Babi na uku ba ya ƙarewa kamar yadda aka saba. Kiɗan ne ke nutsewa, tambari yana bugawa a hankali kamar zuciyar mai jiran hukunci, goge yana rarrafe a samansa, ba numfashi ba tsayawa, sai kawai babi na huɗu ya ɓarke da dukan makaɗa. A nan ne kakakin nan masu zugewa, turombon, suke fara buɗe baki. Tun farkon simfonin suna zaune da kayansu a cinya, babi uku cur mutumin bai bar su sun yi ko tari ba, don wannan daƙiƙar ya ajiye su. To ka ɗauko babi na huɗu shi kaɗai ka saka da ƙarfe takwas saura kwata. Me mutum zai ji? Hayaniyar murna, ba tare da ya san daga wane duhu aka fito ba. Kamar ka shiga gidan suna ana guɗa, ba ka san uwar ta kwana uku tana naƙuda ba.

Malamin Goge: Wannan kam na ba ka, Kawu. Na biyar ba ya yankuwa a wannan gaɓar, wanda ya yanka shi a nan ya yi ɓarna. Sai dai ba kowane kiɗa ne na biyar ba. Akwai dubban gajeru da aka rubuta su a gajerun: kiɗan buɗe wasa, kiɗan rawa, waƙoƙin Schubert da yawansu ba su wuce minti uku zuwa huɗu ba. Da irinsu ake cika mafi yawan safiyar.

Kawun Bradford: To su tsaya a kansu mana, su bar manyan su huta.

Anti Nas: Salamu alaikum, yanzu na fito daga aiki na tarar da zaure ya ɗau zafi. Kawu, Malam, ni a ganina duk kun bar jaki kuna dukan taiki. Yankan ba shi ne damuwata ba. Abin da ke damuna shi ne abin da ke biyo bayan kiɗan. Wani lokacin na kwana a kan marar lafiya, na fito jikina duk a mace, a saka wani abu mai sanyi na Bach, ka san suna da al'adar saka Bach kafin ƙarfe bakwai, sai in ji ƙirjina ya fara saki. Igiyar ƙarshe ba ta gama rawa ba sai ga murya, ga lambar aiko da saƙo, ga sanarwar shirin da za a yi da yamma. Ni daƙiƙa biyar kawai nake roƙo. A bar kiɗan ya sauka tukuna, kamar yadda ake barin shayi ya ɗan huce.

Direban Dare: Anti, a rediyo shiru na daƙiƙa biyar ai sai mutum ya kai hannu ya murɗa, ya ɗauka tasha ta ɗauke.

Anti Nas: Kai ka murɗa. Ni ba zan murɗa ba.

Direban Dare: To ni bari in kare saƙonnin nan da kowa ke zagi. Wanda bai yi aikin dare a ƙasar nan ba ba zai gane ba. Lokacin hunturu, ƙarfe bakwai gari baƙi ƙirin, ka kwana kana ɗaukar mutanen da ko kallonka ba sa yi. Sai ka ji an karanta saƙon wani manomi yana tatsar shanu, ko wata mai gasa burodi da ta tashi tun ƙarfe huɗu, su ma abin da kake ji suke ji a daidai wannan lokacin. Wallahi sai ka ji kamar an yi maka sannu. Kawu na kiran abin Zaɓi Sonka don raini, to me ya sa iyayenmu suka riƙa sayen kati suna aikawa Kaduna? Don su ji su ma ana sane da su ne. In kiɗa zalla nake so, wayata cike take da shi. Mutum nake nema a rediyo.

Kawun Bradford: Ban raina Zaɓi Sonka ba, ni ma na aika kati a zamanina, kada ka sa a yi mini dariya. Cewa na yi kowane abu da muhallinsa.

Hajiya Maman Biyu: Na gama da yara, bari in sa baki. Ni tambayata ta kuɗi ce. Lasisin talabijin ya kai fam 174.50 a shekarar 2025, daga cikinsa ake ciyar da tashar nan. Classic FM kuwa, tashar irin wannan kiɗan mai zaman kanta, kyauta take, da talla take rayuwa, kuma gajerun kiɗan da hira ai sana'arta ce tun asali. To in Radio 3 za ta koma tana kwaikwayonta, me na biya? Gara a bar mai talla ta yi abinta, wadda muke biya ta yi abin da mai talla ba za ta iya ba.

Mai Unguwa: Hajiya ta taɓo inda gizo ke saƙa. Classic FM ta fara aiki ranar 7 ga Satumba 1992, kuma tun daga lokacin ake wannan rigimar. A shekarar ce Nicholas Kenyon ya karɓi ragamar Radio 3, ya kawo sababbin shirye-shiryen safe da yamma masu hira, On Air da In Tune. A 1995 aka ɗauko Paul Gambaccini, Ba'amurken da aka fi sani a fagen waƙoƙin zamani, aka ba shi shirin hantsi, tsofaffin masu sauraro suka yi ca, bai daɗe ba ya bar shirin. Wato kukan Kawu ya girmi Auta. Dalilin kuma a fili yake: masu sauraron Radio 3 a mako suna wajen miliyan 2, na Classic FM sun haura miliyan 4. Duk shugaban da ya zo sai an tambaye shi me ya sa ake kashe kuɗin jama'a a kan 'yan tsiraru.

Kawun Bradford: Ka ƙara da cewa shugaban tashar da aka naɗa a 2023, Sam Jackson, a Classic FM ya yi shekaru yana jan ragama. Ruwa ba ya tsami banza.

Mai Unguwa: Gaskiya ne. Amma Petroc Trelawny da ka sha yabo a zauren nan, wanda ya riƙe shirin safen daga 2011 har 2025, shi ma yana cikin waɗanda aka buɗe Classic FM da su. Ba inda mutum ya fito ba ne, Kawu.

Kawun Bradford: Petroc daban ne, ya san lokacin da ake yin shiru.

Anti Nas: Ka ga ka dawo layina 😄

Malamin Goge: Hajiya, ban yarda cewa tashoshin biyu sun zama ɗaya ba. Gwada ki saurari kowacce mako guda. Classic FM tana da jerin kiɗa 300 da masu sauraro ke zaɓa duk shekara lokacin Ista, kuma galibi a kewayen sanannun nan take yawo, ga talla a tsakani. A Radio 3 kina iya jin kiɗan coci na shekaru 500 da suka wuce, ki ji na wanda yake raye yau, duk kafin ki gama wanke kofi. Sannan kuɗin nan ba shirin safe kaɗai yake riƙewa ba, shi ke riƙe ƙungiyoyin makaɗa na BBC da Proms, bikin kiɗan da ake yi duk shekara a Landan.

Kawu kuma, ga wani abu. Tashar da ake kewa, Third Programme, uwar Radio 3, wadda aka buɗe ranar 29 ga Satumba 1946, wadda ba ta yarda labarai su katse kiɗa ba, ba ta da shirin safe ko ɗaya. Da ƙarfe shida na yamma take buɗewa. Su ma sun san cikakken sauraro na mutumin da ya gama aikinsa ne. Kiɗan rana sai a shekarun 1960 ya shigo, sunan Radio 3 kuma a 1967. Har gobe in cikakken simfoni kake so, akwai wasan da ake sakawa da daddare, akwai kuma Through the Night da ke kwana yana zuba kiɗa cikakku, magana kaɗan.

Kawun Bradford: Wato in bar barci in tashi ƙarfe biyun dare don in ji abin da na biya? Malam, ka ji tsoron Allah. Kuma ban kai 1946 ba, kada ka ƙara mini shekaru.

Direban Dare: Zo mu yi musaya Kawu, ni ina jin sa kullum, kai ka karɓi motar.

Autar Zaure: Don Allah a ba ƙaramin zaure dama. Kawu, ni ta hanyar gutsuren nan da kake zagi na shigo. Taken gasar Zakarun Turai da muke ji tun muna yara kafin a take leda, ban taɓa sanin daga kiɗan Handel aka samo shi ba, Zadok the Priest, wanda ya rubuta don naɗin sarki George na biyu a 1727. Da shi ma Classic FM ta buɗe tasharta. Ranar da na ji na asalin, yadda goge ke ta hawa a hankali kusan minti ɗaya da rabi kafin mawaƙa su fashe gaba ɗaya, tsigar jikina ta tashi. Daga nan na fara bin sunaye ɗaya bayan ɗaya. A 2024 na je Royal Albert Hall na sayi tikitin tsaye na Proms fam 8, na tsaya da ƙafata aka kaɗa simfoni daga farko har ƙarshe. Da a ce ranar farko an ɗora mini minti saba'in na simfoni na tara, da tuni na gudu.

Kawun Bradford: Madalla da kai ɗana, na ji daɗin wannan. Amma Zadok ai cikakke ne, minti biyar da ɗoriya ne dama, ba a yanke masa komai ba. Hujjata ka ƙarfafa. Kuma faɗa mini gaskiya, cikin abokanka nawa ne suka bi sawu har zauren? Mafi yawa a bakin ƙofa suke tsayawa, su shekara ashirin suna jin babi ɗaya suna cewa sun san Dvorak.

Autar Zaure: Ko a bakin ƙofar ne ai sun fi wanda ke waje. Kuma a irin wannan shirin ne ake samun gurbin saka mutanen da aka daɗe da mantawa. Fela Sowande ɗan Abeokuta, mai African Suite. Samuel Coleridge-Taylor da mahaifinsa ɗan Saliyo ne. Florence Price, baƙar fata mace ta farko da babbar ƙungiyar makaɗa a Amurka ta kaɗa simfoninta, a Chicago a 1933, wadda sai a 2009 aka tsinci tarin takardunta a wani gidan da aka yi watsi da shi. Ba kowa ne zai ba baƙon suna awa guda ba, amma minti biyar kowa zai bayar.

Hajiya Maman Biyu: Yaron nan fa ya iya magana. Wa ya koya maka?

Autar Zaure: Rediyo, Hajiya 😌

Kawun Bradford: To bari in gwada ku. Kiɗan nan na Grieg da ake kira Safiya, wanda sarewa ke buɗewa, kowa ya san shi ko daga talla. In kun ji shi me kuke gani?

Anti Nas: Duwatsun Norwe, ƙanƙara, rana na fitowa a kan ruwa.

Kawun Bradford: Kin faɗa ramin. An rubuta shi ne don wasan kwaikwayon Peer Gynt na Ibsen, da aka fara nunawa a 1876, kuma kashi na huɗu yake buɗewa, lokacin da labarin ya bar Norwe ya koma Arewacin Afirka, gaɓar Maroko da hamada. Fitowar rana ce a kan rairayi, kusa da mu ma ya fi. Kun ga abin da yanka ke haifarwa? An cire shi daga gidansu har ya manta garinsu.

Malamin Goge: Kawu, ka kama kanka da kanka. Ko an saka kiɗan wasan duka, ba mai jin Maroko a cikin sarewa. Sai wani ya buɗe baki ya faɗa maka. Wa zai faɗa? Mai gabatarwa. Maganar da kake so a rage ita ce maganin ciwon da ka kawo.

Kawun Bradford: Irin wannan maganar ai ban hana ba! A gaya mini wa ya rubuta, yaushe, don me, wa ya kaɗa. Wannan ilimi ne. Abin da ban so shi ne labarin kyanwar wance.

Direban Dare: Kyanwar wance ita ce ta hana ni barci a kan sitiyari.

Anti Nas: Wanda ke gabatarwa yanzu, Tom McKinney, tun Afrilun 2025 daga nan Salford kusa da mu yake yi. Makaɗin gita ne kuma mai son kallon tsuntsaye. Ni kukan tsuntsu bai dame ni ba ko kaɗan, ya fi mini sanarwar shirye-shirye sau goma. Daƙiƙa biyar ɗina dai nake bi bashi.

Mai Unguwa: Jama'a, mu taƙaita, wasu na wurin aiki wayoyinsu na ta ƙara.

Kawun Bradford: Na ji, Mai Unguwa. Ban janye ba, a rubuta. Auta, ga aikin gida: ranar Lahadi ka zauna ka ji na bakwai na Beethoven, wajen minti arba'in ne, ka zo ka gaya mini ko babi na biyu ɗanɗanonsa ɗaya ne in ka biyo ta na farko.

Autar Zaure: Na biyun kawai zan maimaita kamar mutanen 1813?

Kawun Bradford: Duka huɗun, ja'iri. Kuma ka bar wayar a wani ɗakin.

Direban Dare: Ni ma zan gwada a mota yau da daddare, in fasinja bai ce in mayar masa da ƙwallo ba. Na tafi barci, kada wanda ya kira ni kafin azahar.